Almakashi a Hannun Maigida: Koyon Ɗinki a Kano Bayan Durƙushewar Masaƙu

Masaƙun Kano sun durƙushe sun bar tela yana taka kekensa. A shekarun 1970 da 1980, masana'antun Bompai da Sharada da Chalawa ne ke ciyar da dubban gidaje, kuma sunaye irin su Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi sun isa a gane cewa 'yan gari sun zuba dukiyarsu a saƙa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wutar lantarki ta zama sai an gani, yadin ƙasar Sin da na fasa-ƙwauri suka cika Kantin Kwari. Yau akasarin abin da telan Kano ke yankawa daga waje ya zo: shaddar Getzner daga Ostiriya, yadi da atamfa masu sauƙin kuɗi daga Sin. Duk wannan a garin da matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar a 1851 yana tura tufafinsa har Timbuktu.

Abin da ya raya tela shi ne ɗabi'ar Bahaushe. A Landan, ɗinkin awo irin na titin Savile Row sai mai hannu da shuni: a zana wa mutum fasalinsa a takarda, ya dawo gwaji sau biyu ko uku kafin a gama kwat. A nan kuwa lebura a kamfanin robobi na Sharada ko majemar fata ta Chalawa, da mai kamfanin kansa, kowa da telansa. Ɗinkakkun kaya da gwanjo sun ci kasuwar yara da samari, amma kaftanin Juma'a da kayan angwanci sai an auna.

Sai dai yadda ake koyon sana'ar bai sauya sosai ba. Uba ko kawu ya riƙo hannun yaro zuwa shago a Fagge ko cikin unguwa, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana." Shi ke nan, ba takarda, ba wa'adi. Yaro ya fara da shara da aike da hura gawayin dutsen guga. Daga nan sai saka maɓalli da kalmasa, sai taka keke babu zare har ƙafa ta saba, sai wando, wanda kuskurensa ke ɓuya a ƙarƙashin riga. Aljihu da wuya da bakin hannu su ne jarrabawa, domin a nan idon mai kaya ke fara sauka. Wannan tsani yana da hikima, kuma mai raina shi bai san guga ba. Yaron da ya daɗe a kan dutse ya san wane yadi ne ke ƙonewa, wane ne ke tsukewa in ya sha ruwa, wane ne ke son bugu ba zafi ba. Tun da masaƙu suka yi shiru, teburin guga ne kusan kaɗai makarantar sanin yadi da ta rage wa ɗan koyo.

Inda tsarin ya gaza shi ne yanka. Ɗinkin awo a almakashi yake, keke bi kawai yake yi. Tela na ƙwarai yana duban mutum ya ga wace kafaɗa ce ta fi sauka, ya ga tumbi, ya ga mai tafiya a ranƙwafe, ya ƙara a nan ya rage a can ba tare da tef ya gaya masa ba. Kuma telan Kano ba ya da gatan gwaji: alli yake sawa kai tsaye a kan shadda, ya yanka sau ɗaya, mai kaya ya zo ya karɓa. Wannan ilimin ne iyayen gida da yawa ke riƙewa. Wani yana yanka da sassafe kafin yara su zo, wani ya ce "kallo ya ishi mai hankali." Ba duka mugunta ba ce. Yadi biyar na shadda mai tsada, in aka ɓata shi, ya fi ƙarfin ribar ɗinki da yawa, kuma maigida ya san ranar da yaro ya iya yanka, ranar ce zai fara neman shago, wataƙila ma ya tafi da masu kawo ɗinki. Sakamakon dai ɗaya ne: matasa masu saurin ƙafa a keke, waɗanda rigarsu ke ɗagewa ta gaba ko ta shaƙe hammata.

Ado ya ƙara rufe wannan aibu. Da can aska biyu da aska takwas a babbar riga aikin allura ne na makonni ko watanni, irin wanda Zariya ta yi suna a kai. Keken aiki ya rage lokacin, yanzu kuma injin kwamfuta yana zuba zane daga hoton da aka turo ta WhatsApp. Ban ga laifin inji ba, ya sauƙaƙa wa talaka kwalliya. Amma ya janye hankalin mai kaya daga zaman riga a jiki zuwa ƙyallin ƙirji, ɗan koyo kuma yana bin inda kuɗi yake.

Gwamnati ta daɗe tana taɓa lamarin koyon sana'a. Akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da hukumar samar da ayyukan yi ta NDE mai tura matasa wurin masu sana'a, ga rabon kekuna da 'yan siyasa ke yi bayan horon 'yan watanni. Wata uku ya isa a koyi tafiyar da keke, bai isa a karanci kafaɗa ba, shi ya sa wasu kekunan ke komawa kasuwa kafin mansu ya bushe.

Gaskiyar magana, yawancin yara a watan azumi suke fara riƙe almakashi. Ɗinki ya taru har rufi, janareta na shan mai da tsadarsa tun bayan cire tallafi a 2023, masu kaya na sintiri suna cewa "Tela, ina alkawari?" Lokacin ne maigida, ido ja don rashin barci, zai turo wa babban yaronsa kayan Sallar ƙananan yara ya ce ya yanka. Darasin da ya kamata a bayar a natse cikin watan Safar, ana bayar da shi ƙarfe biyun dare a goman ƙarshe, babu mai lokacin duba abin da aka yanka sai bayan an sauko daga Idi.