Yaro mai baiwa a cikin ƙagaggun labaran kimiyya: me ke jan mai karatu?

1. Gabatarwa

Daga cikin jigogin da ƙagaggun labaran kimiyya suka fi juyawa tun shekarun 1930, akwai na yaron da basirarsa ta zarce ta manyan da ke kewaye da shi. Littattafan da aka gina bisa wannan jigo sun samu karɓuwa ƙwarai a Amurka da Ingila, an kuma fassara da dama daga cikinsu zuwa Faransanci. A cikin wannan maƙala muna so mu amsa tambaya guda: me ke jan mai karatu zuwa gare su? Za mu dogara musamman ga littafin Orson Scott Card mai suna Ender's Game (1985), wanda ya fito da Faransanci da sunan La Stratégie Ender. A ganinmu, irin waɗannan littattafai suna yi wa mai karatu alkawari biyu a lokaci ɗaya: na farko, za a gane darajarka, na biyu, ba za a tuhume ka da abin da darajar ta jawo ba. Na biyun ne ya kamata mai tarke ya fi sa wa ido.

2. Asalin jigon

Jigon ya taso ne tare da ra'ayin cewa ana iya auna basira a ba ta lamba. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajinsu na auna fahimtar yara a Faransa. A 1921 kuma Lewis Terman ya fara bin diddigin rayuwar haziƙan yara sama da 1,500 a jihar Kalifoniya. Da zarar an yarda cewa akwai yaran da lambarsu ta yi wa ta kowa nisa, sai tambaya ta taso: me al'umma za ta yi da su?

Marubuta sun ba da amsa iri biyu. Amsa ta farko ita ce ta yaron da ke ɓuya. A cikin Slan (1940) na A. E. van Vogt, Jommy Cross, ɗan shekara 9 mai karanta zukatan mutane, yana gudun masu farautar jinsinsa bayan sun kashe mahaifiyarsa. Masoya wannan adabi a Amurka na wancan zamani har sun riƙa kiran kansu da sunan jinsin, abin da ke nuna inda mai karatu ya ajiye kansa a cikin labarin. A cikin Children of the Atom (1953) na Wilmar Shiras, Timothy Paul yana rage ƙoƙarinsa a aji da gangan don kada a gane shi, yana kuma buga rubuce-rubuce da sunayen aro, har ranar da wani likitan ƙwaƙwalwa ya gano shi.

Amsa ta biyu ita ce ta yaron da hukuma ke nema. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta kafa doka a 1958 wadda ta ɗaure ilmin kimiyya da tsaron ƙasa. Haziƙin yaro ya zama dukiyar gwamnati. Littafin Card ɗan wannan layi ne.

3. Alkawari na farko: a gan ka

Zubin labarin ba shi da wuya. Wasu halittu masu kama da ƙwari sun kawo wa duniya hari sau biyu, sojoji kuma suna neman kwamandan da zai gama da su. Doka ta taƙaita haihuwa ga ƴaƴa 2, amma aka ba iyayen Ender izinin haihuwar na uku saboda ana sa ran zai dace da aikin. Tun yana ƙarami aka dasa masa wata na'ura a ƙeya, manya suna ganin abin da yake gani, suna jin abin da yake ji. Yana ɗan shekara 6 Kanar Graff ya zo gida ya tafi da shi makarantar yaƙi a sararin samaniya.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Daɗin farko na littafin shi ne juya wannan karin magana. Duk yaron da ya taɓa zama a aji yana sanin amsa, malami bai kula ba, ƴan aji kuma suna jin haushinsa, zai samu sanyin zuciya a nan: ashe akwai masu kallo daga nesa, kuma sun san ko shi wane ne. Card da kansa, a gabatarwar da ya yi wa bugun 1991, ya yi maganar wasiƙun da haziƙan yara suka aiko masa suna cewa sun ga kansu a cikin labarin.

Akwai kuma dabarar salo. Marubuci ba ya iya ƙaga tunanin da ya fi nasa zurfi, saboda haka sai ya ƙaga wasa wanda shi ne ya kafa dokokinsa. Ɗakin atisaye na makarantar wuri ne da nauyi ba ya aiki, jiki na shawagi. Sauran yara suna shiga suna riƙe da sama da ƙasa irin na duniya, Ender kuwa ya gane cewa a wurin mutum ne ke zaɓar inda ƙasa take. Hikima ce da mai karatu ke kamawa a cikin daƙiƙa ɗaya, tare da tauraron, kafin sauran taurari su gane. Ta haka littafin yake sa mai karatu ya ji shi ma yana cikin zaɓaɓɓu.

4. Alkawari na biyu: ba laifinka ba ne

Ender ya yi kisa sau uku a cikin labarin. Ya kashe Stilson, yaron da ke cin zalinsa a makarantar gari. Ya kashe Bonzo a wurin wanka na makarantar yaƙi. A ƙarshe ya tarwatsa duniyar abokan gaba, ya shafe jinsinsu. A kowane karo marubucin ya shirya abubuwa ta yadda laifi ba zai hau kansa ba. Su ne suka fara tsokana. Manya sun ɓoye masa cewa yaran biyu sun mutu. Yaƙin ƙarshe kuwa an ce masa jarrabawa ce a kwamfuta, sai bayan ya ci aka gaya masa jiragen na gaske ne, matuƙansu ma na gaske ne.

Masu tarke sun lura da wannan. John Kessel, a wata maƙala ta 2004, ya nuna cewa an gina littafin ne don a samar da mai kisa marar laifi, wanda ake auna shi da niyyarsa kawai, a bar aikinsa gefe. Mun yarda da shi, za mu kuma ƙara da cewa nan ne asirin jan hankalin yake. Mai karatu yana samun daɗin ramuwa a kan mai cin zali, yana samun daɗin nasara, sa'an nan yana samun daɗin tausaya wa kansa, domin wanda ya yi nasarar shi ne kuma aka fi zalunta. Gaskiya ne babi na ƙarshe ya ɗora wa Ender nadama, ya ɗauki ƙwan sarauniyar ƙwarin yana nema masa mazauni. Amma nadamar ma ƙara masa girma take yi, tunda shi kaɗai ne ya isa ya fahimci waɗanda ya kashe.

5. Mu da wannan jigo

Kanar da ke zuwa gida ya ɗauki yaro ba baƙo ba ne a tarihin Afirka ta Yamma. Faidherbe ya buɗe makarantar ƴaƴan sarakuna a Saint-Louis ta Senegal a tsakiyar shekarun 1850, sunanta na farko ma makarantar waɗanda aka yi garkuwa da su. Makarantar William Ponty ta tace haziƙan yankin domin aikin mulki, Diori Hamani da Boubou Hama duk sun bi ta nan. Amadou Hampâté Bâ ya ba da labarin yadda aka ɗauke shi zuwa lakol a Bandiagara a cikin Amkoullel, l'enfant peul (1991). Samba Diallo na L'Aventure ambiguë (1961) shi ma yaro ne mai baiwa da manya suka tura ya koyo sirrin nasarar Turawa, sai dai Cheikh Hamidou Kane bai wanke kowa ba, labarin ya ƙare da mutuwar tauraron.

Mu da ke koyarwa a jami'a, da ɗalibanmu, jarrabawa ce ta tace mu daga cikin tsararrakinmu. Saboda haka alkawarin biyu suna iya ruɗa mu fiye da kowa: cancantarmu ce ta fito da mu, abin da aka yi da iliminmu kuwa laifin waɗanda suka ba da umarni ne.

Binti (2015) na Nnedi Okorafor ya nuna cewa jigon na iya ɗaukar wani zubi. Tauraruwar ƴar ƙabilar Himba ce, gwanar lissafi. Ba wanda ya zo ya ɗauke ta, ita ce ta bar gida da dare ba da sanin iyayenta ba, ta nufi jami'a a wata duniya, nauyin zaɓin kuma yana kanta. Da abokan gaba suka far wa jirgin, jan yumɓun da matan ƙabilarta ke shafawa ya taimaka wajen ceton ta, baiwarta kuma ta yi aiki wurin sulhu.

6. Kammalawa

Mun ga cewa jan hankalin waɗannan littattafai ya dogara ga gane darajar yaro da kuma wanke shi daga laifi. Ba mu ce a daina karanta La Stratégie Ender ba, labari ne mai zubi mai ƙarfi, ya kuma ci manyan kyaututtukan Nebula da Hugo. Shawararmu ita ce, a darasin adabin kwatance a haɗa shi da L'Aventure ambiguë, a yi wa kowannensu tambayoyi uku: wa ya zaɓi yaron, wa ya amfana da baiwarsa, kuma wa marubucin ya bari da alhakin abin da ya faru?