Amshin Zumuntar Mata da Masu Raina Shi

An daɗe ana jin wata magana a bakin wasu masu karatun tauhidi da shugabannin kwaya, wai waƙoƙin Zumuntar Mata ba su da zurfi, maimaici ne kawai da bugun tulu. Wasu har sukan jawo Matiyu sura 6, inda Yesu ya hana yawan surutu cikin addu'a. Ni dai ban ga alamar masu faɗin haka sun taɓa zama sun saurari waƙa guda tun daga farkonta har ƙarshe ba.

Tarihin sananne ne. Mishan na SIM sun iso a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, na 'Yan'uwa kuma Garkida a 1923. Hausa ta zama harshen sujada ga Birom da Angas da Bura da Baju da Tangale, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Littafin Waƙoƙi kuwa galibinsa fassara ne, an ɗora kalmominmu a kan karin da ba domin su aka tsara shi ba, sai ka ji an ja gajeren wasali, an danne dogo. Ina son waɗannan waƙoƙin, da su muka tashi, amma matan majami'un ECWA da COCIN da EYN ne suka bar muryar waƙa ta bi bayan magana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin amshi. Mai ba da waƙa ba ta farawa da roƙo. Sai ta jero wa Allah kirari tukuna, Mahalicci, Sarkin sarakuna, Makiyayi, wanda babu wani sai shi, kamar yadda mai ladabi ba ya faɗin buƙatarsa a fada sai ya gama gaisuwa. Taron mata su amsa da layi ɗaya, yawanci mai cewa Allah ɗaya ne, ko kuwa yana jin kukan bayinsa. A nan amshin furcin bangaskiya ne kurum.

Daga nan ta shiga labari. A ce Iliya ne a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450. Baiti guda ga ihunsu tun safe, baiti guda ga ruwan da aka kwarara kan bagade, wani ga wutar da ta sauko. Amshi bai canza ko da harafi ɗaya ba, amma yanzu ya koma shaida, don an ga wanda ya amsa da wanda ya yi shiru. Hannatu a Shilo, ko Bulus da Sila a kurkukun Filibi, duk haka ake bi da su.

Sai kuma wurin da masu suka ba sa kaiwa. Ba tare da sanarwa ba, mai ba da waƙa ta bar Littafi ta dawo gida: mara lafiya a asibiti, yaron da ya gama makaranta ba aiki, gwauruwa, ƙauyen da aka kai wa hari. Layin nan dai shi ake amsawa, sai ga shi ya zama roƙo. Tana rage tsawon baitinta har ya koma suna ɗaya, tana faɗowa kafin amshi ya ƙare, tulu da caki suna ƙara sauri, ba a barin gurbin numfashi. Wadda ba ta iya karatu ba ta yi ikirari, ta kafa hujja daga Nassi, ta kai kukanta, duk da jimla ɗaya. Wanda ya kira wannan surutu, ya buɗe Zabura 136 ya ƙirga: ayoyi 26, amshi ɗaya.

Masu cewa Hausar matan nan ba ta nuna ba, suna haɗa namiji da mace, wannan ƙorafin malaman nahawu ne, ba zan tsaya masa ba.

Damuwata tana situdiyo. Ana yanke amshi don waƙa ta shiga 'yan mintoci, kuma kiɗan kibod da aka saita ba ya ƙara sauri idan mai ba da waƙa ta matsa, dole ita ta jira shi. Sashen roƙon nan, da ya fi kowane tsawo a taron mata na ranar mako, shi ake fara zubarwa.