GYARA KAYANKA: LACCAR WANI ƊAN AJINMU A KAN SA'ADU ZUNGUR

A ajin da waɗanda suka sami takardar shaidar yaƙi da jahilci suke taruwa don ƙarin karatu, inda ni ma nakan zauna tare da su, akwai wata al'ada mai kyau. Kowace Alhamis bayan sallar lisha mutum guda yakan tashi ya yi lacca a kan wani mawallafin waƙa, sa'an nan saura su faɗi abin da suka gani. Ran nan layi ya zo kan wani dattijo maɗinki, wanda bai koyi boko ba sai da ya ba hamsin baya. Ya zaɓi Malam Sa'adu Zungur. Ina so in auna laccarsa, in kuma auna yadda muka karɓe ta, gama laifinmu ya fi nasa.

Bari mu fara da yabo, don yabon gwani ya zama dole. Malam maɗinki ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tarihi. Ya ce Sa'adu mutumin Bauchi ne, ɗan gidan malamai, ya sha karatun Arabiyya kafin ya shiga Kwalejin Katsina, daga can ya zarce babbar kwalejin Yaba a Ikko, shi ne kuwa ɗan Arewa na farko da ya shige ta. Ya koyar a Kano da Zariya, ya shiga siyasa, ya yi NCNC, ya yi NEPU, ya rasu a 1958, saura shekara biyu a sami mulkin kai. Duk wannan daidai ne, kuma ya jera shi bi da bi, ba daburcewa.

Amma akwai aibi uku. Na farko, cikin rabin sa'a da aka ba shi, minti biyar kaɗai ya ba waƙoƙi. Ya ambaci Maraba da Soja da Waƙar Bidi'a da suna kawai. Bai gaya mana ta farkon an yi ta ne don tarbar sojojinmu da suka komo daga yaƙin duniya na biyu wanda ya ƙare a 1945 ba, ta biyun kuwa don sukar al'adun da aka cusa cikin addini. Mawaƙi da waƙarsa aka san shi. Wanda ya ba da tarihinsa ya bar waƙarsa, kamar wanda ya kwatanta maka rijiya ne bai ɗebo maka ruwa ba.

Na biyu shi ne mafi nauyi. Ya ce a cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya Sa'adu ya nemi a kawar da sarakuna. Ba haka ba ne. Wanda ya bi waƙar daga farko har ƙarshe zai ga tsoron jumhuriya yake yi wa Arewa, yana son sarauta ta tabbata bisa adalci da shawara. Ya yi wa sarakuna faɗa mai zafi, gaskiya ne, amma faɗan mai gargaɗi ne, yana nuna musu abin da ya sami sarakunan Indiya bayan ƙasar ta sami mulkin kai a 1947. Dalilin kuskuren a fili yake: Malam ya ga sunan waƙar, ya tuna mai ita ɗan NEPU ne, sai ya yanke hukunci. Da ya karanta ta sosai da ya nuna mana abin da ya biyo baya, watau Nijeriya ta zama jumhuriya a 1963, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen mulkin En'e.

Na uku, 'yan baitocin da ya kawo karanta su ya yi kamar mai karanta wasiƙa. Waƙar Hausa rera ta ake yi. Sai an rera ne kunne zai kama karinta, ya ji yadda kowane baiti yake sauka a kan ƙafiyar "ya".

To, mu fa? Da ya zauna, sai aka yi ta cewa, "Madalla, Malam, Allah ya ƙara basira." Mutum uku cikinmu, har da ni, mun san an yi kuskure, amma kunyar furfura ta rufe mana baki. Sai wani saurayi ya tashi yana dariya, ya ce, "Baba, ashe ba ku karanta waƙar ba!" Maganarsa da gaskiya a ciki, amma ya faɗe ta don a san ya sani ne. Dattijo ya naɗe takardunsa, mako biyu ba mu gan shi ba. Mu masu madalla mun bar mutum ashirin za su tafi gida da labarin da ba daidai ba, shi kuwa saurayi ya kusa raba mutum da karatun da ya samu da wahala.

Daga baya na tafi shagonsa da littafin. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, tarihin nan da kuka kawo ya amfane ni. Ko za mu duba waƙar tare? Akwai wurin da fahimtata ta saba da taku." Muka karanta baiti baiti. Shi da kansa ya ɗaga kai ya ce, "Ashe gargaɗi yake yi musu." Alhamis ta gaba ya komo, ya gyara maganarsa a gaban jama'a, har ya rera mana.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, in ɗayanku ya yi lacca, ku fara da faɗin abin da ya yi daidai, ku ambace shi da sunansa, kada ku tsaya kan madalla. Sa'an nan ku nuna kuskure da hujja daga cikin littafin, ku soki magana, ku bar mai ita da mutuncinsa. Shi kuma mai lacca ya tuna gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bai kyautu a ce an taru don tunawa da mutumin da aka sani da faɗin gaskiya, sa'an nan a tashi ba a faɗe ta ba. Allah ya sa mu gane, amin.