Wa Zai Zaga da Ku Birnin Zariya?

Wata sabuwar al'ada ta shigo wa matasanmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan. Da an samu hutun sallah ko na makaranta, sai a haɗa kuɗi a ɗauki shatar bas a nufi Zariya yawon buɗe ido. A tsaya gaban fadar Sarkin Zazzau a ɗauki hoto, a leƙa Ƙofar Doka, kafin magariba hotuna sun cika Facebook da TikTok. Abin ya burge ni, domin a wurin yawancin iyayenmu Zariya ba ta wuce asibitin Shika da kasuwar Sabon Gari ba. Inda nake da ja shi ne kasafin tafiyar. Ana ware na mota, ana ware na mai hoto, amma da an ce a biya wanda zai zaga da jama'a ya yi musu bayani, sai a ce ai wannan sai Turawa, mu da garinmu.

Garinmu ne, ba musu, duk ƙananan hukumomin nan uku ƙasar Zazzau ce. Amma wanda ya shiga birni ya fito da hoton bango kawai, rake ya saya a Maƙarfi ya lashi ɓawon.

Ɗauki tsohon soro ɗaya. Kai kaɗai za ka ɗaga kai ka ce ma sha Allah ka fita. Wanda ya san gini kuwa zai tsayar da kai ya nuna maka cewa bakan gizon nan da ya tallafe rufin, azarar giginya ce a cikinsa, an jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama, sannan aka lulluɓe da ƙasa. Zai gaya maka an zaɓi giginya ne don gara ba ta cika cin ta ba, ya nuna maka tubali, da makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa, da indararo, da zankwayen da ke kan kusurwa. A jikin wasu gidajen ma, kusa da dagi da takobi, magina na tsakiyar ƙarnin da ya wuce sun zana keke da mota da agogo, abubuwan da maigida ke alfahari da su a lokacinsa. Wani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, littafi guda ya rubuta a kan adon bangon gidajen Zariya. Mu da ke nan kusa, kullum wucewa muke yi a kan acaɓa.

A Fulorens ta ƙasar Italiya, inda fasahar Turai ta farfaɗo a ƙarni na 15, mutane na biyan ɗan jagora mai lasisi ya yi musu bayanin yadda Filippo Brunelleschi ya ɗora ƙubbar babban cocin garin tsakanin 1420 da 1436 ba tare da kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba. Italiyawa su kansu suna shiga layin. Mu ma muna da namu gwanin, Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, kuma har yau akwai unguwa a birni da ke ɗauke da sunansa. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ciki da bai, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya ji ƙansu. Ginin ƙasa ba ya jira. Abin da ya rage a tsaye da abin da ya rage a kan dattawan magina, duka biyun raguwa suke yi.

Sai dai ba kowa ne ya cancanci kuɗinka ba. Akwai masu tare baƙo da tatsuniyar Sarauniya Amina, su maimaita ta a kowace ƙofa, ko ta Kuyambana ce ko ta Gayan, kamar duk tarihin Zazzau a kanta ya fara ya ƙare. Amina tana da matsayinta, amma gwada tambayar irin wannan jagoran wane ne ya yi zanen da ke gabanku, da ƙasa aka fara yin sa ko da siminti. Idan ya fara kame-kame, ku yi sallama cikin mutunci.

Wanda nake so a nema shi ne magini ɗan gado, ko ɗalibin sashen zane ko na tsara gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya taso a birni. Ɗan gari yana da wani amfanin da littafi ba ya bayarwa. Gidajen nan masu ado ba gidan kallo ba ne, da iyali a ciki. Shi ne zai tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama ya ce, "Baba, baƙi ne daga Hunƙuyi, suna neman izinin ganin soro," kuma shi ya san inda ba a ɗaga waya.

Kuma a daina ce masa ga na goro. A yi ciniki da shi tun kafin bas ta tashi daga Ikara, a rubuta kuɗinsa a takardar karo-karo, layi ɗaya da na direba.