Tabon Da Aka Zana: Nazarin Shiryayyen Hoto Kan Cin Zarafi

Cin zarafi ba ya son shaida. Mijin da zai mari matarsa sai ya tura ƙofa tukuna, siniyan da zai sa ƙaramin yaro tsallen kwaɗo a makarantar kwana sai ya bari malamai sun tafi gida, mai gori kuwa ko a tsakiyar kasuwa ya yi, babu tabon da za a kai wa likita. Masu ɗaukar hoto sun daɗe suna fama da wannan, domin kyamara kan iso ne bayan an gama. Daga nan wani reshe na sana'ar ya tsiro, wanda zan kira shiryayyen hoto. Maimakon mai hoto ya yi ta jiran abu ya faru a gabansa, sai ya zauna ya tsara abin da yake son faɗa, ya kira mutum situdiyo, ya daidaita haske da tufafi da kwalliya da rubutu, sannan ya ɗauka. Kowa ya san shiri ne, ba a kuma ɓoye hakan.

Kafin wannan salo ya yi ƙarfi, akwai mata biyu 'yan Amurka da suka share fagen. A 1982 Donna Ferrato tana aikin wata mujalla a gidan wasu masu hannu da shuni a jihar New Jersey, sai cikin dare ta ji ihu. Ta shiga banɗaki ta tarar da maigidan yana dukan matarsa, ta danna kyamara. Bangon banɗakin duk madubi ne, saboda haka a hoton ana ganin mijin, ana ganin matar, ana kuma hango ita Ferrato a tsugune. Editoci suka ƙi bugawa. Ta shafe shekaru tana bin motocin 'yan sanda da asibitoci da gidajen fakewar mata, har ta fitar da littafin Living with the Enemy a 1991. Ita kuwa Nan Goldin kanta ta juya wa kyamara a 1984, wata guda bayan saurayinta ya yi mata dukan da ya kusa makantar da ita. Ido ɗaya jajur da jini, amma ta shafa jambaki, ta sa 'yan kunne, ta zuba wa mai kallo ido. Raunin na gaske ne, tsayuwar kuwa shiryayya ce, kuma ta sha bayyana cewa ta ɗauki hoton ne don kada ta koma wa mutumin.

A hoton Ferrato akwai abin da ya ɓace daga yawancin ayyukan da suka biyo baya, wato mai dukan. A ganina nan ne ma'aunin wannan salo gaba ɗaya yake: ina aka ajiye mai laifi, kuma wa aka bari da nauyin a gane shi?

A 2014 wani mai hoto a Orlando ta jihar Florida, Richard Johnson, ya yi aikin da ya kira Weapon of Choice. Ya tara yara da manya, ya kawo masu kwalliya irin na fim, suka zana musu kumburi da taruwar jini da ƙuna a fuska da wuya da hannu, a tsakiyar kowane tabo kuma aka rubuta kalmar zagi: wawa, banza, mummuna, karuwa. Manufar a fili take, a nuna cewa da baƙar magana tana barin shaida a fata, da haka jikin yaro zai kasance. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, shi da ya ce magana zarar bunu ce. Hotunan sun yaɗu a intanet, an kuma bai wa ƙungiyoyin yaƙi da cin zarafi damar amfani da su kyauta. Da wuya uba ya ga fuskar yarinya 'yar firamare da zagi a kumatunta bai tuna abin da ya faɗa wa tasa 'yar da safe ba, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai a sake duban hoton da kyau. Kalmar a jikin wa take? A jikin yaron. Wanda ya furta ta ba ya nan, ko inuwarsa babu. Yaron ya ɗauki zagin a goshi, ya tsaya a gaban duniya da fuskarsa a buɗe, kuma hoto idan ya shiga Facebook ko WhatsApp bayanin da ke ƙarƙashinsa ne farkon abin da ke yankewa. Bayan an tura shi sau uku ko huɗu, abin da ya rage shi ne fuskar yaro da kalmar wawa, abin da azzaluman ajinsu za su fi kowa murna da samu. Iyaye ne ke sa hannu a takardar izini, amma yaron ne zai kai shekara ashirin yana neman aiki ko aure hoton yana nan. Akwai kuma matsalar kyau. Hasken situdiyo yana gyara komai, har tabo. Idan mai kwalliya ya ƙware, sai mai kallo ya koma yabon gwanintarsa, a bar maganar yaro. Susan Sontag ta yi dogon nazari kan irin wannan a littafinta na 2003, Regarding the Pain of Others, kan abin da ke faruwa da mai kallo idan azabar wani ta zame masa abin kallo na kullum.

Grace Brown ta bi wata hanya. A Oktoban 2011, tana ɗaliba 'yar shekara 19 a makarantar koyon zane da hoto a New York, ta fara Project Unbreakable. Tsarin ba shi da wani ado. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda aka yi wa, domin akwai maza a ciki, za ta rubuta a kwali da hannunta abin da mai laifin ya faɗa mata a lokacin, ta riƙe, a ɗauka. Wasu sun rubuta abin da ɗan sanda ko uwa ko ƙawa ta ce da suka kai kuka. Ba kwalliya, ba jinin ƙarya. Amma mai laifin ya shigo hoton da bakinsa, maganar da ya yi a ɗaki yana ganin ba mai ji ta fito rana. Kwalin kuma a hannu yake, ana iya ajiye shi, saɓanin rubutun da aka yi a fata. Mai riƙe da shi ce ke zaɓar tsayinsa: wasu sun tsayar da shi a ƙirji suna kallon kyamara, wasu sun ɗaga shi ya rufe fuska baki ɗaya. Daga baya mutane suka riƙa ɗaukar nasu da waya suna aikawa. Ta fuskar gwaninta, hotunan Johnson sun fi. Na Brown kuwa sun fi su adalci ga mutumin da ke cikinsu, kuma ni wannan na fi bai wa daraja.

Fuska a buɗe tana da wani haɗarin, a ara ta a yi wata magana da ita. Hoton da Jodi Bieber 'yar Afirka ta Kudu ta ɗauki Bibi Aisha, matashiyar Afganistan da aka yanke wa hanci da kunnuwa, ya fito a bangon mujallar Time a Agustan 2010, ya kuma ci babbar kyautar World Press Photo. Amma kanun da aka ɗora masa ya danganta shi da batun janyewar sojojin Amurka daga Afganistan, har masu suka suka ce an mai da fuskarta hujjar ci gaba da yaƙi.

Misalin da ya fi kusa da mu a Maiduguri aka yi shi. A Agustan 2017 hukumar UNICEF ta ce daga farkon shekarar zuwa lokacin an yi amfani da yara 83 wajen kai harin bam a arewa maso gabashin Najeriya, 55 daga cikinsu mata. A Oktoban shekarar jaridar New York Times ta buga hirar da Dionne Searcey ta yi da 'yan mata 18 waɗanda Boko Haram ta ɗaura wa bam suka ƙi tayarwa, tare da hotunan Adam Ferguson, ɗan Ostireliya. Nuna fuskokinsu zai iya jawo musu kisa daga 'yan ƙungiyar ko ƙyama daga maƙwabta. Sai aka mai da ɓoyewar ta zama ita ce hoton. Wannan ta rufe fuska da tafukanta, waccan ta kare da furanni, wata ta juya wa haske baya, wata mayafinta ya sauko har haɓa. Suna tsaye cikin hijabai masu launi, tsaf da su, babu wadda aka sa ta yi kuka ko ta kwaikwayi abin da ya same ta. Mai kallo yana neman ido bai samu ba, dole ya tambayi kansa wa suke tsoro, amsar kuwa ta haɗa da mutanen gari, ba 'yan Boko Haram kaɗai ba. Aikin ya zo na ɗaya a rukunin hotunan mutane na World Press Photo a 2018. (Sunan da ke kan kyautar na mai hoton ne, kamar kullum, wannan wata magana ce da sana'ar ba ta gama warwarewa ba.)

Mai hoto a Kano ko Zinder da ke sha'awar wannan salo zai fi ƙaruwa da Brown da Ferguson fiye da Johnson. A inda yarinya za ta rasa mijin aure saboda an san an yi mata fyaɗe, inda matar da ta kai ƙara gida za a ce mata "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne" a mai da ita ɗakinta, buɗe fuska tsada gare shi, kuma ba mai kyamara ne zai biya ba. Lokacin da maganar #ArewaMeToo ta tashi a Twitter a 2019, mata da yawa ta hannun wasu suka aika labarinsu ba suna, waɗanda suka fito fili kuwa sun sha zagi da barazana. Kayan aikin kuma ba su yi ƙaranci ba. Kalaman da ake rufe bakin yara da mata da su sanannu ne a kowane gida: "kada ki tona mana asiri", "wa zai yarda da ke", "ai namiji ba ya kuka", "haka aka yi mana mu ma". Kowace ɗaya za ta cika kwali, a rubuce da boko ko da ajami, a hannun mai hijabi ko ɗan makaranta da ya juya baya. Abin da zai fi wuya shi ne izini: a zaunar da mai labarin a nuna mata hoton kafin ya fita, a gaya mata ƙarara cewa idan ya shiga waya babu mai iya dawo da shi, a kuma yarda ta ce a goge ko da an riga an kashe kuɗin situdiyo.