Zanen Ɗab'i a Matsayin Fassara: Daga Galatea zuwa Mahaɗar Binuwai da Faro

1.0 Gabatarwa

Kalmar "zane" a Hausa ta rungumi ayyuka da dama waɗanda ya kamata manazarci ya bambance. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato hoton da ake karcewa a farantin tagulla, ko a zana a kan dutse, a shafa tawada, a buga da yawa. Da'awar ita ce, wannan aiki ya fi kusa da fassara a kan kwafe.

2.0 Misali daga Rum

A wajejen 1512 ne Raphael ya zana Galatea, wata aljanar teku ta hikayoyin Girkawa, a bangon gidan Farnesina da ke Rum. Tun da yake bango ba ya tafiya, sai Marcantonio Raimondi ya mayar da ita kan tagulla, ta yaɗu a Turai a kan takarda. To amma tagulla ba ta da shuɗin teku, ba ta da jan mayafi. Layuka kawai gare ta, masu kauri da sirara, ana gicciya su inda ake son duhu. Saboda haka dole makarci ya zaɓi abin da zai riƙe da wanda zai saki, kamar mai mayar da waƙar Larabci zuwa Hausa. Masu sana'ar ba su ɓoye wannan ba, domin sukan rubuta pinxit bayan sunan mai asalin hoton, da sculpsit bayan na makarci, tamkar yadda mai kwafe littafin ajami ke ambaton mawallafi kafin ya ambaci kansa.

3.0 Hotunan Barth

Wannan ma'auni ya shafi tarihin Adamawa kai tsaye. Heinrich Barth ya isa mahaɗar Binuwai da Faro ranar 18 ga Yuni, 1851, ya shiga Yola ranar 20, kuma cikin 'yan kwanaki Lamiɗo Lawal ya umarce shi da ya fita. Hoton mahaɗar da ke cikin littafinsa na 1857 zuwa 1858, bugun dutse ne, kuma ba hannun Barth kaɗai ba ne. Johann Martin Bernatz ne ya ƙawata tsararon zanensa, alhali shi Habasha ya sani, bai taɓa taka Fombina ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, a nan kuwa haɗarin yake, domin kyan hoto kan sa mai binciken tarihin Yola da Jimeta ya ɗauke shi shaidar gani da ido. Haske da gajimare da tsarin itatuwa sun bi ƙa'idar zanen shimfiɗar ƙasa ta Jamusawa. Abin da ya fi cancantar dogaro shi ne kwanan wata da sunayen wurare, waɗanda Barth ya ji da kunnensa. Shi ne ma ya ruwaito cewa a harshen Bata, sunan Binuwai na nufin uwar ruwa.