SHARHI A KAN YADDA FARANSANCI KE SAMAR WA KALMOMIN ILIMI NA INGILISHI TAKWARORI

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi tsokaci a kan aikin da hukumomin Faransa suka daɗe suna yi na samar wa keɓaɓɓun kalmomin Ingilishi takwarori a Faransanci. Sau da yawa a tarurruka irin wannan akan kawo aikin nasu a matsayin abin koyi ga masu ƙirƙiro kalmomin fannu a Hausa. Mu a ganinmu ya kamata a auna shi tukuna kafin a kwaikwaye shi.

Kuka a kan kwararar Ingilishi ya yi ƙarfi ne bayan da René Étiemble ya fitar da littafinsa Parlez-vous franglais? a 1964. A 1972 gwamnati ta ba da umurnin kafa kwamitocin kalmomi a ma'aikatu, sannan dokar 1975 da ta 1994, wadda aka fi sani da dokar Toubon, suka biyo baya. Amma abin lura shi ne, kalmomin da suka fi kafuwa sun riga kwamitocin haihuwa. A 1955 kamfanin IBM na Faransa ya nemi Jacques Perret, farfesan Latin a Sorbonne, ya raɗa wa na'urarsa suna, shi kuwa ya ba da ordinateur. Kalmar ta iso tare da na'urar, don haka computer ba ta sami wurin zama ba. Haka informatique, wadda Philippe Dreyfus ya ƙirƙiro a 1962, a bakin masu sana'ar ta fara yawo kafin hukuma ta sa mata albarka. Courriel kuwa, wato wasiƙar intanet, a Kebek ta yi ƙarfi, sai a 2003 Faransa ta karɓe ta a hukumance. Inda kwamiti ya makara, sakamakon daban ne: mercatique ba ta kori marketing daga kasuwa ba, kuma mot-dièse ta 2013 ba ta ture hashtag ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai ba wannan ne babban ƙorafinmu ba. Jerin kalmomin da kwamitocin ke bugawa sun fi mai da hankali ga baƙuwar kalma wadda kowa ke ganin baƙuntarta, alhali haɗarin da ya fi girma ga malami da ɗalibi yana tattare da kalmar da ke da kama ɗaya a harsunan biyu amma ma'ana ta bambanta. Wanda ya ga marketing a shafin Faransanci ya san aro ce, ko ya so ko ya ƙi, kuma ba za ta ɓatar da shi ba. Wanda ya fassara evidence da évidence kuwa ya juya zancen gaba ɗaya, domin ta farko hujja ce da ake nema a kafa, ta biyu kuma abin da ya fito fili ne har ba ya bukatar hujja. Takwarar gaskiya ita ce preuve. Gaskiya ne an yi gargaɗi a kan digital, wadda a Faransanci asalinta ta shafi yatsa, aka ce a yi amfani da numérique, amma irin wannan kulawa ba ta kai yawan matsalar ba.

A fagen jami'a abin ya fi tsanani. Lecture a Ingilishi lacca ce, a Faransanci karatu ne. Lecteur a jami'ar Faransa baƙo ne da ke taimakawa wajen koyar da harshensa na haihuwa. Malamin da muke kira lakcara ya fi kusa da maître de conférences. Collège shekaru huɗu ne na farkon sakandare, saboda haka malamin kwalejin ilimi da ya gabatar da kansa da wannan kalma a Yamai ya rage wa kansa muƙami bai sani ba. Baccalauréat a Faransa shaidar kammala sakandare ce, a Kebek kuwa digirin farko ne. A nan ko ƙamus mai kyau ba ya wadatarwa, tun da tsarin makarantun ne ya bambanta, kuma jeri mai ba da kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya ba shi da wurin yin wannan bayani.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne lissafi. Billion a Ingilishin yau miliyan dubu ce, kuma gwamnatin Birtaniya ta koma kan wannan ma'ana a 1974. A Faransanci, bisa dokar 1961, billion miliyan miliyan ce. Miliyan dubu kuwa milliard ake ce mata. Hausa ta ara daga ɓangarorin biyu: Kano na cewa biliyan, Maraɗi na cewa miliyar, adadin kuwa ɗaya ne. Mai fassara rahoton Faransanci da ya ga billion ya rubuta biliyan ya rage adadin sau dubu, kuma mai karatunsa ba shi da hanyar ganewa, domin jimlar Hausar ba ta da aibi ko kaɗan.